Awon Hanya Daga Jimeta Zuwa Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a gidan suna a Karewa a tare ni, har mai sayar mini da kifi a kasuwar Jimeta sai da ta ce, "Adda Shatu, wai gaskiya ne sojan Kamaru sun kama ki da bam?" Wasu ma cewa suke na kwana a kurkuku. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya, daga fari har ƙarshe, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Aishatu, ina aiki a sashen awo na wata hukuma mai kula da hanyoyi a Yola. Mutane in sun ji awo sai su zaci igiya muke ja a bakin titi. Aikinmu shi ne mu gaya wa manya wace hanya ce ke da lafiya, wacce ke jinya, wacce ta mutu. Muna da na'ura, wani ƙaramin akwati da ake ɗaurewa a ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya, waya ta taso daga jikinsa zuwa kwamfuta. Duk tsallen da mota ta yi, akwatin yana ji, kwamfuta tana ajiyewa. Sai kuma mu ƙirga motocin da ke bin hanyar, mu duba ramuka da kwalbatoci. A haɗa duka a ba hanya maki. Wadda ta lalace kuma motoci da yawa ke bi, ita ake fara gyarawa.

A shekarun tashin hankali wannan aiki ya tsaya cak a arewacin jihar da bakin iyaka. Wa zai ɗauki mota mai wayoyi a ciki ya je yana ɗaukar hoton gada? Ni kaina a Mubi nake aiki lokacin da garin ya watse. Da ƙafa na haura duwatsu na shiga Kamaru da 'ya'yana biyu. Daga baya wata motar shanu ta kwaso mu ta kawo mu Yola ta wata hanyar ƙasa da ta taso daga iyaka ta ɓullo bayan Girei. Ban manta wannan hanya ba, ƙashin bayana ma bai manta ba.

To, a ƙarshen daminar bana sai aka kira taro a Garwa. Ma'aikatan hanya na ƙasashen biyu za su zauna da masu ɗaukar nauyin aikin, a zaɓi 'yan hanyoyin iyaka da za a gyara. Da na duba takardun da za mu kai, sai na ga hanyar nan tana can ƙasa. Awon da ke cikin fayil tun kafin rikici aka yi shi, kuma ya nuna motoci kaɗan ne ke bi. Na shiga wurin Darakta na ce a bar ni in bi ta da na'ura kafin taro.

"Hajiya, lamba ba ya ƙarya," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ba ta ƙarya, amma tana tsufa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni dai ta Mubi zan zaga, inda akwai kwalta. In kina so ki karya bayanki, ga Hammajoda, ga tsohon fikof. Amma in kin makara taro, ba ruwana."

Bappa Hammajoda shi ne direba mafi daɗewa a hukumarmu, dattijo ɗan unguwar Mbamoi, siriri, Bafulatani, ba ya son magana sai ta zama dole. Maigidana da ya ji da shi zan tafi, sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce in kira shi duk inda na samu sabis.

Mun haye gadar Jimeta da safe, Binuwai cike maƙil. Har Girei lafiya lau, layin da ke kan kwamfuta yana tafiya a kwance kamar mai barci. Da muka ratse gabas muka bar kwalta, sai layin ya farka. Ya dinga hawa yana sauka, ni ma ina hawa ina sauka a kujera, hannu ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rufin mota. Ƙa'idar na'urar ita ce a yi tafiya da gudu iri ɗaya. Na tuna wa Bappa haka.

"Adda, gaya wa hanya," ya ce. "Ni na ji."

Ina riƙe da ɗan abin ƙirga mota a cinyata, amma na daɗe ban danna shi ba. Mota ba ta zuwa. Babura kuwa ba a magana. Suna ɓullowa daga gonaki a jere, kowanne da buhuna uku ko huɗu na masara, mai tuƙin yana zaune a kan tanki. Na ga wanda ya ɗauko kwanon rufi, na ga wanda ya ɗauko raguna a cikin kwando. A tsarin ofishinmu ba a ƙirga babur. Na fara ƙirga su a gefe, don kaina.

Wajen azahar muka tarar da wata gingimari ta durƙusa a tsakiyar hanya, ƙarfen tayoyinta na baya ya karye, cike da takin zamani. Direban ya riga ya zama ɗan gari. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ya shanya wanki a jikin madubi, tukunya na kan murhu. Sunansa Oga Sande, yana da shago a Dubeli, Hausarsa haɗe da Turancin kasuwa. Da ya ji aikin da muke yi sai ya tashi zaune.

"Madam, ƙirga ni, abeg. Amma ka rubuta cewa ni kaɗai ne mahaukaci. A tashanmu duk direba da aka ce ya zo nan, zai ce gara ya zauna da yunwa. Taki ya zo, damina ya ƙare. Wa zai saya yanzu?"

Ya zuba mana doya da manja a murfin tukunya. Na ci, na ɗauki hotonsa da motarsa. Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cina tun a Yola: hanya ta lalace har motoci sun guje ta, mu kuma mun ƙirga motoci mun ce ba a bukatarta.

Da la'asar muka iso wani rafi, abin da mutanen wurin ke kira mayo. Kwalbatin da ke kansa ruwa ya tafi da shi tun shekarun baya. Bappa ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga ya taka ƙasan ruwan, ya dawo ya ce za mu wuce. Muka shiga, muka kai tsakiya, fikof ya yi tari ya zauna. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Na ɗora kwamfuta a kaina kamar mai tallan nono, na fita ta taga. Mazan garin da ke ƙetare suka zo suka tura mu, suna dariya suna ce wa Bappa da Fillanci ya manta kogi tun da ya koma birni. Tsorona ɗaya, kada akwatin ƙasa ya sha ruwa. Da muka fito na leƙa, 'yar koriyar fitilarsa tana ƙyaftawa.

A wannan gari muka sauka. Mai gari ya ba Bappa zaure, ni kuma aka shigar da ni wurin uwargidansa, Goggo Dudu. Ta ba ni zane na sauya, ta kawo tuwon masara da miyar yakuwa da kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a ciki. Da na ba ta labarin motar shanun da ta wuce da mu ta nan a shekarar gudu, sai ta ajiye ludayi.

"Mun ba mutane ruwa a bakin mayon nan har randunanmu suka ƙare," ta ce. "Wataƙila kin sha."

Wataƙila na sha. Na tambaye ta ina suke kai amfanin gonarsu. Ta nuna gabas da haɓa. Ta ce Kamaru ta fi musu Yola kusa, ba don nisa ba, sai don halin hanya. Asibiti ma can suke zuwa, in jandarma, 'yan sandan can, sun bari.

Washegari muka isa iyaka. Ɓangarenmu ba wata matsala, aka duba takardu aka buga hatimi. Muka haye, muka tsaya a shingen Kamaru, kusa da wata 'yar kasuwa. Wani matashin soja ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Me zai gani? Akwati ɗaure da ƙarfe, wayoyi, da fitila tana ƙyaftawa.

Ya yi tsalle baya ya daka wata tsawa da Faransanci. Kafin in gane abin da ke faruwa, kasuwa ta watse. Mata suka bar tirensu, wani mai shayi ya bar butarsa a kan wuta. Aka fito da mu aka kai mu nesa aka zaunar a ƙasa cikin rana, hannuwa a ka, bakin bindiga yana kallonmu. Ban ga laifinsu ba. Wannan yanki ya ga motoci masu wayoyi, kuma kowa ya san yadda suka ƙare. Takardar gayyatarmu, wadda aka rubuta da Faransanci, tana cikin jakata, jakar tana cikin motar da aka hana kowa ya matsa kusa da ita.

Babbansu ya fito, wani ƙaƙƙarfa mai furfura a gemu. Na yi masa Turanci, ya girgiza kai. Na yi Hausa, ya ji rabi. Sai Bappa ya gaishe shi da Fillanci, a natse, kamar sun haɗu a masallaci. Mutumin ya amsa. Bappa ya yi masa bayani, ya saurara, sannan ya ce za su kira masu kwance bam daga Garwa, kuma su in sun zo ba sa tambaya, fasa abu suke yi. Zuwansu kuma sai gobe ko jibi.

Gobe ne taro. Na ce wa Bappa ya gaya masa ni na ɗaure akwatin da hannuna, ni zan je in buɗe shi, su tsaya nesa su kalla. In bam ne, ni kaɗai zai ci.

Babban nasu ya dube ni. Sannan ya ɗaga hannu, alamar in je.

Na taka zuwa motar. Na tattare hijabi, na kwanta rigingine a cikin laka, na ja jiki na shiga ƙarƙashi. Sukurorin sun cije saboda ruwan jiya. Da 'yar wuƙar yankan farce na kwance su. Na fito da murfin a hannu ɗaya, na ɗaga shi sama, na ɗauko takardar da ɗaya hannun. Na kai wa babban nasu ya karanta, ya zo da kansa ya durƙusa ya leƙa. Bai gamsu ba sai da ya shiga gaba ya zauna, Bappa ya ja mu muka bi ramukan da ke gaban shingensu. Da ya ga layin yana tsalle duk lokacin da kansa ya bugi rufi, sai ya fashe da dariya. Ya ce a sake. Muka sake. Ya ce lallai in nuna wa manyan Garwa wannan wurin, shekara da shekaru yana kai kuka. Mai shayi ya dawo, aka haɗa mana shayi da dogon burodinsu mai tauri, ba a karɓi ko sisi ba. Wannan shi ne duk bam ɗin da kuka ji.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Da ya ɗauke sai muka tarar da wani dogon ƙarfe an gitta a hanya an sa kwaɗo, manyan motoci sun yi layi. Na zaci wani shingen bincike ne. Ashe al'adarsu ce: in an yi ruwa a hanyar ƙasa, sai a rufe ta har ta sha iska, don kada tayoyi su kwaɓe ta. Mai gadin wani tsoho ne da rigar ruwa. Bappa ya nuna masa lambar gwamnati a motarmu, ya ce fikof ba ya da nauyi. Tsohon ya taɓa ƙasa da yatsa, ya ce ko gwamna ne sai ya jira. Na tuna yadda a gida mai jiniya ke wucewa ko'ina, kuma tirela ke shiga laka ta haƙa rami ta bar mana gado. Muka jira. Direbobin ba wanda ya yi faɗa, wasu ma dara suka kafa.

Da yamma muka shiga Garwa. Gari ne mai faɗin tituna da inuwar darbejiya, kuma babura ko'ina, abin da muka daɗe da mantawa a Jimeta tun da keke napep ya karɓi gari. A bakin hanya suna da 'yan duwatsu masu farin fenti da jan kai, kowanne da nisan gari a jikinsa, kuma ba wanda ya tumɓuke su ya kai gida. An sauke ni a wani ƙaramin otal mai tsabta. Na ciro caja zan sa kwamfuta, wadda ta kusa mutuwa, sai na ga soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, nawa kuwa mai ƙafa uku. Duk wahalar kwana biyu tana cikin wannan kwamfuta.

Wadda ta cece ni ita ce Madam Hawa, takwarata ta ɓangarensu, da ta zo yi mini sannu da zuwa. Doguwar mace ce 'yar Garwa, injiniya, Hausarta ta kasuwa, Fillancinta na gida. Ta ce in hau bayan babur ɗinta. Na ce rabona da babur tun ina budurwa. Ta ce to yau na koma budurwa. Na hau a karkace ina salati, muka je kasuwa muka samo mahaɗin soket, daga nan ta wuce da ni bakin kogi muka ci gasasshen giwan ruwa da yaji da soyayyar ayaba. Binuwai ɗin dai namu ne, amma kifinsu ya fi namu arha, wannan kam dole in faɗa.

A kan kifin nan na nuna mata abin da na samo. Ta ce su ban da ramuka da yawan motoci, suna lura da kwanakin da hanya ke yankewa a shekara, da lokacin da mutum ke ci kafin ya kai kasuwa ko asibiti. Masu gadin ƙarfen nan su ke kawo musu labari. Sannan ta ce wani abu da ya sa na daina tauna. Su ma sun ƙirga motoci a ɓangarensu na wannan hanya, kuma manyan motoci da yawa ke zuwa. Suna isa iyaka sai su sauke kaya su juya, babura su kwashe.

"Ke kina da rabin hanya, ni ina da rabi," ta ce. "Gobe mu haɗa."

Taron nasu ma abin kallo ne. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu, har mai kawo ruwa. Ana magana da Faransanci a mayar Turanci, a yi Turanci a mayar Faransanci, a ruɗe. Da an fita shan shayi kuwa kowa ya koma Fillanci da Hausa, a gama fahimtar juna cikin minti kaɗan. Darakta ya iso tsaf cikin babbar riga. Ni kuwa gwiwar hannuna duk ƙujewa.

Da aka zo kan hanyarmu, wani masani daga masu ɗaukar nauyin aikin, mutum mai ladabi, ya ce ya ga lalacewarta, amma motocin da ke binta ba su kai a kashe mata dukiya ba. Darakta ya juyo ya dube ni. Na tashi. Na haska layin a bango, daga inda yake kwance har inda ya haukace. Na nuna rafin da ba kwalbati, na nuna Oga Sande da wankinsa, na nuna jerin babura da buhuna. Na ce kayan suna tafiya, mutane suna tafiya, mota ce kawai ta kasa. Madam Hawa ta tashi ta ɗora nata a kai: ga motocin da ke zuwa iyaka su juya. Aka jera biyun a bango ɗaya, kowa ya ga inda kaya ke sauka daga mota su hau babur.

Masanin ya yi tambayoyi masu tsauri, kan gudun da muka yi da kuma yadda na ƙirga babura ni kaɗai. Inda awona ke da rauni na ce yana da rauni. Sai shugaban taron, wani dattijo Bakamare, ya tambaya ko cikin waɗanda suka zo daga Najeriya akwai wanda ya biyo ta wannan hanya ban da ni, tunda ita ce mafi kusa. Darakta ya yi gyaran murya.

"Ni kaina zagayawa na yi," ya ce. "Ku sa ni cikin motocin da suka guje shi."

Aka yi dariya, har masanin. Bayan azahar aka karanto hanyoyin da aka zaɓa, tamu tana ciki, tare da sharaɗin a fara da kwalbatocin rafuka. Aka kuma amince cewa daga yanzu ɓangarorin biyu za su riƙa ƙirga babura da kwanakin yankewar hanya. Madam Hawa ta matse hannuna a ƙarƙashin tebur har sai da na ji zafi. Darakta ya ce a gaban mutane, "Wannan aikin Hajiya ne," abin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

Ba zan ce muku an gama hanya ba. Masu safiyo dai sun je sun kafa turaku, sauran sai abin da Allah ya yi. Amma ranar na fito daga zauren taro ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na sami Bappa a gindin darbejiya yana goge gilashi, na gaya masa. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce Darakta ya aiko a gaya mana gobe mu bi bayansa ta Mubi, mu huta a kan kwalta.

Na ce, "Bappa, hannun zuwa kawai muka auna. Masanin nan ya ce sai an kawo masa na komawa."

Ya tsaya da tsumma a hannu, ya dubi fikof, ya dube ni.

"To bari na je kasuwa na nemo igiya mai ƙarfi," ya ce. "Mayo ɗin nan yana jiranmu."